Na daina shan maganin hawan jini saboda abin da na karanta a intanet kan raunin mazakuta

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 44, ina da mata da 'ya'ya. Kusan shekara guda ke nan ina fama da wata matsala da na kasa faɗa wa kowa. Gabana ba ya miƙewa kamar da, in ma ya miƙe sai ya kwanta ana tsakiyar saduwa. Tun da abin ya fara, da zarar iyalina ta yi barci sai in ɗauki waya in yi ta bincike har dare ya raba. Wani shafi ya ce damuwa ce, wani ya ce ƙarancin sinadarin maza ne, wani ya ce alamar ciwon zuciya ce. Yanzu ko Facebook na buɗe, tallan maganin ƙarfin maza ne ke fara tarbata.

Ina da hawan jini, na shekara uku ina shan magani. Na karanta cewa maganin hawan jini yana kawo wannan matsala, sai na daina sha wata biyu da suka wuce, likitana bai sani ba. Na kuma sayi wani kafso ta WhatsApp, mai sayarwar ya rantse mini cewa zallan ganye da saiwa ne. Karon farko ya yi aiki sosai, amma na kwana da ciwon kai, fuskata ta ɗau zafi, fitilar ɗaki na riƙa ganinta shuɗi-shuɗi, da na miƙe tsaye kuma jiri ya ɗebe ni. Kwali na biyu da na saya bai yi mini komai ba.

Matata ta fara zargin ko ina neman wata a waje, don tana ganin ina ɓoye waya, kullum kuma ina ƙirƙirar gajiya. Ta daina tambaya, amma fuskarta ta canza. Yanzu na ga wani shafi da ke aiko wa mutum Viagra har gida ba tare da takardar likita ba. In saya? Wallahi kunyar zuwa asibiti nake ji.

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Amsar tambayarka ta ƙarshe a'a ce, kada ka saya, zan kuma zo kan dalili. Sai dai akwai abin da ya fi Viagra tayar mini da hankali a wasiƙarka, wato wata biyun nan da ka yi ba ka shan maganin hawan jini. Wannan ba abin da za a bari sai wani wata ba ne. Cikin kwanakin nan ka je a auna jininka, ka kuma faɗa wa likitanka gaskiyar ranar da ka daina sha. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Mutum yana jin kansa garau, alhali yana can yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido, har ranar da za a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Abin da ka karanta yana da ƙamshin gaskiya. Wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari irin su hydrochlorothiazide, da tsofaffin masu rage gudun bugun zuciya irin su atenolol da propranolol, suna iya raunana miƙewar gaba ga wasu mazan. Shafin bai ƙarasa maka zancen ba ne kawai. Akwai wasu irin su losartan da lisinopril da amlodipine da ba su cika kawo wannan matsala ba, kuma sauya wa mutum daga wancan zuwa wannan aiki ne da likita yake yi kullum cikin 'yan mintuna. Sannan hawan jinin da ba a kula da shi ba yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙarfin namiji. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka ma duba lissafinka da kanka: ka shekara biyu kana shan maganin lafiya lau kafin matsalar ta ɓullo, ka daina sha wata biyu kuma ba ka ce mini ta tafi ba.

Game da kunya, na fahimce ka, kuma ba zan ce maka ba komai ba ne, don ga namiji komai ne. Amma ka sani kana cikin taro. Wani babban bincike da aka yi a jihar Massachusetts ta Amurka, aka wallafa a 1994, ya gano cewa kashi 52 cikin ɗari na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Cikin abokanka da kuke zama ana dariya akwai masu yin irin binciken da kake yi da tsakar dare. Kowa dai ya rufe bakinsa.

Miƙewar gaba aikin jini ne. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta jijiyoyi, a saki wani sinadari mai suna naitirik oksaid, shi kuma ya sassauta bangon jijiyoyin jinin azzakari, jini ya cika shi ya tsaya a ciki. Duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, ko tunani, ko jijiyar saƙo, ko jijiyar jini, ko sinadarin maza da ake kira testosteron, zai iya kawo rauni. Jijiyoyin jinin gaba faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, na zuciya kuwa sun kai 3 zuwa 4. Ka san in datti ya fara taruwa a bututun ruwan gida, siririn bututu ne ke fara toshewa kafin babba. Shi ya sa ga namiji mai shekarunka, musamman mai hawan jini, raunin mazakuta kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Ban faɗi wannan don in ƙara maka fargaba ba. Wanda jikinsa ya ba shi wannan gargaɗi tun da wuri yana da lokacin gyara, kuma gyaran da zai kare zuciyarsa shi ne dai wanda zai taimaki gabansa.

Ban ga laifinka ba da ka fara neman bayani a waya. Da yawan mazan da yau suke zuwa asibiti da wannan matsala intanet ce ta fara sanar da su cewa ciwo ne mai suna kuma mai magani. A da mutum sai ya shekara goma yana ɗauka asiri aka yi masa, ko tsufa ne ya zo da wuri. Inda gizo ke saƙa shi ne, Google zai jero maka dalilai ashirin, amma ba zai iya gaya maka wanne ne naka ba, don bai auna jininka ba, bai ga tumbinka ba, bai san magungunan da kake sha ba. Shi ya sa kowane dare kake kwana da sabon ciwo. Tallan da ke bin ka kuwa ba ikon Allah ba ne kawai: abin da ka nema da shafukan da ka shiga ana tattara su, a sayar wa masu talla damar nuna wa irinka hajarsu. Mai sayar da kafso ya san mutumin da ke binciken wannan da ƙarfe biyun dare a tsorace yake, kuma ba zai je ya kai ƙara ko'ina ba in an cuce shi. Hatta gajerun bidiyon nan na masu farar riga, ka riƙa jira ka ga ƙarshensu. In aka rufe da lambar waya da "yi oda yanzu", to ɗan kasuwa ne yake magana, ko da likita ne da gaske.

Tambayoyin da ke bambance dalilan ba su da yawa, kuma za ka iya fara amsa su tun yanzu. Kana tashi da safe ka tarar gabanka a miƙe kamar da? Matsalar lokaci ɗaya ta faɗo, bayan wata damuwa ta aiki ko bashi ko saɓani a gida, ko kuwa a hankali ta riƙa ƙaruwa? Sha'awar tana nan jiki ne ba ya amsawa, ko ita ma ta tafi? Wanda miƙewar safiyarsa take nan daram kuma abin ya zo masa kwatsam, galibi tunani ne ya fi yawa a lamarinsa. Wanda abin ya zo masa sannu-sannu har na safiyar ma ya ragu, an fi zargin jijiyoyin jini ko ciwon suga. Ga yawancin masu shekara arba'in da ɗoriya kuwa biyun ne suke haɗuwa. Jiki ya gaza sau ɗaya ko biyu, sai tsoro ya shigo. Daren gaba mutum ya zo shimfiɗa yana sa wa kansa ido, zuciya na bugawa, jiki ya saki sinadarin firgici wanda aikinsa matse jijiyoyin jini, sai abin da ake tsoro ya faru. Karatun da kake yi har dare ya raba yana ciyar da wannan tsoro, yana kuma cinye maka barcin da jiki ke buƙata don samar da testosteron.

Yanzu kafson nan. Ciwon kai, zafin fuska, ganin haske shuɗi-shuɗi, jiri in an miƙe tsaye: waɗannan su ne sanannun illolin sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, musamman in ya yi yawa. Ina kyautata zaton ka riga ka sha Viagra ba ka sani ba, a adadin da ko mai sayarwar bai san shi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta shafe shekaru tana fitar da gargaɗi kan ɗaruruwan kayan "ƙarin ƙarfi" da aka rubuta musu zallan ganye, aka gwada aka tarar da sildenafil ko tadalafil, wani maganin irinsa, a ɓoye, har da waɗanda ake sayarwa a matsayin zuma ko kofi. Kwali na biyu da bai yi komai ba shi ma shaida ne. Inda ake haɗa irin waɗannan kaya babu ma'auni, wannan kafso ya kwashi ninki, wancan ya tashi da gari zalla. Wani lokaci ma ba sildenafil kaɗai ake samu ba. A 2008 a Singafo an kwantar da mutum 150 da ba su da ciwon suga a asibiti saboda sugansu ya faɗi warwas, aka gano jabun magungunan ƙarfin maza ne da aka gauraya da maganin ciwon suga mai suna glibenclamide. Huɗu daga cikinsu sun rasu. Kada ka ƙara shan ko ɗaya. Abin da ya rage kada ka zubar, ka tafi da shi da kwalinsa wurin likita.

Shafin da ka gani kuma ɗan'uwan mai kafson ne, ya dai fi shi iya ado. Magungunan raunin mazakuta suna cikin waɗanda aka fi yin jabunsu a duniya. Tun 2008 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, suke gudanar da samame mai suna Pangea kan haramtattun masu sayar da magani ta intanet, kuma irin waɗannan ƙwayoyi kullum suna cikin abin da aka fi kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. Ko da ma a ce ƙwayar gaske za su aiko maka, takardar likitan da suke alfaharin ba sa nema ita ce kariyarka. Mai shan maganin ciwon ƙirji na rukunin naitiret, irin su nitroglycerin da isosorbide, in ya haɗa da sildenafil jininsa na iya faɗuwa har ya mutu. Mai shan wasu magungunan kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, shi ma sai an daidaita masa adadin. Kai kuma a yau ba wanda ya san inda jininka ya tsaya.

Ba duk magani ta intanet ne yaudara ba, in yi adalci. A ƙasashe da dama akwai manhajoji da shafuka masu rajista inda likita mai lasisi zai gana da kai ta bidiyo ko ya bi tarihin lafiyarka, sannan ya rubuta magani daga kantin da hukuma ta sani. Alamarsu ita ce suna tambaya, suna neman awon jini, kuma suna iya cewa ba za su ba ka ba. A Ingila tun 2018 ana sayar da Viagra Connect ba tare da takardar likita ba, amma sai masanin magunguna ya yi wa mutum tambayoyi kan zuciyarsa da abin da yake sha, kuma ɗaya daga cikin dalilan yin haka shi ne a janye maza daga kasuwar jabu ta intanet. Ga wanda aka riga aka duba, irin wannan hanya tana da amfani wajen sabunta magani. Kai ba ka kai nan ba tukuna, kana buƙatar wanda zai ɗaura maka abin awo a dantse.

Kuma kada ka ɗauka ina hana ka maganin ne. Mai yiwuwa ƙarshenta sildenafil ɗin ne likita zai ba ka, don yawancin masu hawan jinin da aka shawo kansa suna shan sa lafiya. Kamfanin Pfizer ya fara gwada sildenafil ne a matsayin maganin ciwon ƙirji, mazan da aka gwada a kansu suka ba da labarin wani amfani daban, aka amince da shi a matsayin maganin raunin mazakuta a Amurka a 1998. Tadalafil, wato Cialis, ya biyo baya a 2003, shi aikinsa kan kai sa'a 36, akwai kuma ƙaramin adadinsa da ake sha kullum. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne ƙwayar ba ta haifar da sha'awa, tana taimaka wa jini ne in sha'awar ta zo. Sildenafil ana shan sa kamar sa'a guda kafin saduwa, abinci mai maiƙo yana jinkirta shi, ba a kuma wuce sau ɗaya a rana. Mutane da yawa da suka ce bai yi musu aiki ba, sau ɗaya suka gwada, cikinsu a cike, hankalinsu a tashe. Likitoci kan so a gwada sau da dama yadda ya kamata kafin a yanke hukunci. In bai yi ba akwai na'urar zuƙo jini, akwai allurar alprostadil, akwai tiyata a can ƙarshe. Duk wanda ya sha irin wannan magani gabansa ya ƙi kwanciya fiye da sa'a 4, ko ganinsa ko jinsa ya ɗauke kwatsam, ko ƙirjinsa ya riƙe, asibiti zai nufa nan take, ya kuma faɗi abin da ya sha.

Sai maganar matarka, wadda a ganina ita ta fi kowa shan wahala a wannan shekara, don kai ka san abin da ke damunka, ita ba ta sani ba. Ka tsaya a inda take. Mijinta ya juya mata baya, yana kifa waya in ta shigo, kullum ya gaji. Me kake so ta zata? Abu biyu ne za su zo mata, ko dai akwai wata, ko ita ce ta daina burge ka. Daina tambayar da ta yi ba haƙura ba ce, ta gaji da jin amsar da ta san ba gaskiya ba ce. Kana ɓoye mata ne don kada girmanka ya zube a idonta, amma zargin da take yi maka yanzu ya fi gaskiyar muni nesa ba kusa ba. Ka same ta da rana, ba a shimfiɗa ba, yara ba sa kusa. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce mata: "Akwai matsalar lafiya da nake fama da ita, ita ta sa nake gudunki. Ba laifinki ba ne, kuma babu wata. Kunya ce ta hana ni faɗa, zan je asibiti." In ta yi fushi cewa ka bar ta shekara guda cikin zullumi, ka bar ta ta yi, tana da gaskiya. Ka nuna mata abin da kake karantawa a wayar in hakan zai kwantar mata da hankali. Sannan ku yi yarjejeniya, na 'yan makonni, ku koma kusantar juna da hira da wasa da taɓa jiki ba tare da an sa dole sai an sadu ba. Masu ba ma'aurata shawara kan wannan matsala da haka suke farawa, don in aka cire wa namiji jin cewa jarrabawa zai shiga, sau da yawa jiki kan dawo da kansa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dabarar da za ta sauƙaƙa maka ita ce ai kana da dalilin zuwa asibiti wanda ba na kunya ba: hawan jini. Ka shiga da wannan. In bakinka ya yi nauyi, ka rubuta a takarda tun daga gida, "ina da raunin mazakuta kusan shekara guda", ka miƙa masa. In ka fi sakewa da likita namiji ka nema, haƙƙinka ne, kuma sirrinka amana ce a wuyansa. Ka tafi da sunan maganin da ka daina, da ragowar kafson, da amsoshin tambayoyin nan uku. Bayan awon jini ka sa ran gwajin suga, da na kitsen jini, da na ƙoda, in sha'awa ta ragu kuma da na testosteron, wanda da safe ake ɗaukar jininsa don lokacin ya fi hawa. Kada ka yarda wani ya sayar maka da allurar testosteron ba gwaji, tana iya rage ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi har ta hana haihuwa. Ka faɗa masa in kana shan sigari ko barasa ko tramadol ko maganin damuwa, da kuma in matarka tana cewa kana minshari har numfashinka ya riƙa ɗaukewa, duk suna da hannu a wannan matsala.

Abin da ke hannunka kuma kana iya farawa gobe: tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako in likita ya ce zuciyarka za ta ɗauka, rage tumbi in akwai, barin sigari, da ajiye waya a wajen ɗakin kwana. In ka ji dole sai ka karanta wani abu, ka tsaya kan shafukan hukumomin lafiya da na manyan asibitoci, waɗanda ba su da abin sayarwa, ka yi da rana, ka rubuta tambayoyinka ka kai wa likita. In ya ba ka magani kuka gwada na wata biyu zuwa uku ba canji, ko ka ga ya yi wa maganar riƙon sakainar kashi, ka nemi ya tura ka wurin ƙwararren likitan mafitsara da al'aurar maza. Ka sake rubuto mini bayan an auna jinin, ina son jin abin da aka samu.